Hausa ko Turanci: Da Wanne Za a Fara Koya wa Yaro Rubutu a Gida?

Iyayen da ke koyar da 'ya'yansu a gida a Kaduna iri biyu ne. Akwai waɗanda suka cire yaran daga makarantar boko gaba ɗaya, ko don kuɗin makaranta ya fi ƙarfinsu, ko don nisa da fargabar hanya, ko kuma sun ɗanɗana abin a 2020 lokacin da korona ta sa aka rufe makarantu, suka ga ya karɓe su. Akwai kuma waɗanda yaransu na zuwa makaranta, amma uwa ta buɗe jakar ɗanta ɗan aji uku ta tarar da littattafai cike da rubutu, shi kuwa ba ya iya rubuta sunan unguwarsu sai an rubuta masa ya kwafa. Dukansu idan suka zauna tsara yini, abin da suke fara tambaya shi ne ƙarfe nawa za a fara, ƙarfe nawa za a tashi. A ganina akwai tambayar da ta riga wannan: da wane harshe yaron zai fara rubutu? Amsarta ce ke yanke tsawon zaman, da kayan da za a saya, da irin aikin da uwa za ta yi kowace safiya.

Ba zan ɓoye inda na karkata ba. Yaron da da Hausa yake kai ƙarar yayansa, da ita yake roƙon kuɗin alewa, a fara masa rubutu da Hausa. Sai dai wannan zaɓi yana da nasa wahalhalun, kuma akwai gidaje a garin nan da Turanci ne ya fi dacewa da su. Don haka a dubi kowanne da kyau.

Rubutu aiki uku ne a haɗe. Akwai aikin hannu, wato riƙe fensir da jan layi da zagaye. Akwai aikin kunne, wato jin sautukan da ke cikin kalma da sanin baƙin da ke tsaya wa kowane sauti. Akwai kuma aikin kai, wato samun abin da za a faɗa. Na farkon bai damu da harshe ba, yadda ake zana "m" a Hausa haka ake zana shi a Turanci, kuma duk abin da hannu ya koya a nan ya koya ke nan. Bambancin yana cikin sauran biyun.

Mu fara da gidan da ya zaɓi Turanci. Galibi ana bin tsarin sautuka irin na Jolly Phonics, wanda makarantun kuɗi da yawa ke amfani da shi, mai sautuka 42, ana farawa da s, a, t, i, p, n. Makonnin farko da daɗi suke. Akwai waƙoƙi a waya, yaro na rerawa yana kaɗa hannu, ba da jimawa ba ya rubuta "pin" da "sat". Daga nan sai a ci karo da ainihin halin Turanci: baƙaƙe 26 ne ke ɗauke da sautuka kusan 44, kuma kalmomin da aka fi amfani da su kullum su ne suka fi saɓa wa ƙa'ida. "One" ba a rubuta ta yadda ake faɗinta, haka "two", haka "said", haka "night". Babu yadda kunnen yaro zai kai shi ga rubutun waɗannan, sai hadda. Saboda haka jadawalin wannan gida dole ya ƙunshi jerin kalmomin hadda kowace rana, da bitar na jiya, da na shekaranjiya.

Wannan ma ba shi ne babban nauyin ba. Babban nauyin shi ne yaro ba ya iya rubuta tunaninsa da harshen da bai iya magana da shi ba. Idan ana so ya rubuta jimla tasa ta kansa da Turanci, sai an ware lokaci dabam kullum ana yi masa hira da Turanci, ana karanta masa labari, ana tambayarsa yana amsawa. Idan mai koyarwar ba ta sake da Turancin ba, wannan sashe shi ne ke fara faɗuwa, sai a rage da abin da ya fi sauƙi: uwa ta rubuta a saman shafi, yaro ya kwafa har ƙasa. Shafin zai yi kyau, baba ya dawo daga kasuwa ko ofis ya gani ya yaba. Amma yaron zane ya yi, kuma wannan shi ne ainihin ciwon da ya sa wasu suka cire 'ya'yansu daga makaranta tun farko.

Duk da haka alfanun Turanci ba ƙarami ba ne, kuma ba daidai ba ne a raina shi. Kayan aiki a wadace suke. Duk shagon littattafan da aka shiga, daga Kasuwar Gumi zuwa Kawo, za a samu littattafan koyon rubutu hawa-hawa, an riga an tsara abin da za a yi yau da na gobe, uwa ba ta buƙatar ƙirƙiro komai. Jarrabawar shiga makarantun sakandare na tarayya da NECO ke shiryawa da Turanci ake yin ta. Gwajin da makarantun kuɗi ke yi wa sabon ɗalibi kafin su ba shi aji ma haka. Sannan Kaduna gari ne na cakuɗa. Yaron da ke Barnawa ko Kakuri ko Malali yana iya tashi cikin 'ya'yan Bajju da Gbagyi da Yarbawa da Ibo, Turanci ne harshen wasansu. Akwai gidajen Hausawa kuma da iyaye suka saba yi wa yara Turanci tun suna goye, har yaron ya fi sakewa da shi. Irin wannan yaro Turanci ne harshensa na farko a aikace, ko me sunan kakansa, kuma da shi ya kamata ya fara.

Yanzu gidan da ya zaɓi Hausa. Ana farawa da wasula biyar, a, e, i, o, u. Idan suka zauna, sai a ɗauko baƙi ɗaya a haɗa shi da su: ba, be, bi, bo, bu. Gobe ma, me, mi, mo, mu. Mafi yawan gaɓoɓin Hausa baƙi ne da wasali, shi ya sa da yaro ya riƙe baƙaƙe biyar ko shida ya fara gina kalmomi da kansa: baba, mama, kaka, gida, kaza. Babu jerin kalmomin hadda a wannan jadawali, domin kusan duk abin da kunne ya ji shi ake rubutawa.

Ga yadda abin yake a kusa. Yarinya 'yar shekara shida tana zaune a tabarma bakin ƙofar kicin, uwa tana faɗa mata kayan cefanen da za a bai wa yayanta ya kai wa mai kayan miya. Ta rubuta albasa, ta rubuta manja, ta zo kan attaruhu ta tsaya.

"Umma, t ɗaya ne ko biyu?"

"Faɗe shi a hankali, ki saurari bakinki."

"At... ta... ru... hu. Biyu ne!"

Ta rubuta, aka yage takardar aka miƙa wa yayan, ya tafi da ita, ya dawo da abin da aka rubuta. Abu biyu yarinyar ta samu a wannan safiya. Ta gano cewa amsar tana cikin bakinta, ba sai ta jira wani ya faɗa mata ba. Ta kuma ga rubutunta ya yi aiki, ya fita gida ya dawo da attaruhu. Da da Turanci ne ta tambayi yadda ake rubuta albasa, amsa ɗaya ce uwar za ta iya ba ta: ga shi, ki haddace.

Daga nan insha'i ke farawa da wuri, watakila cikin 'yan watanni. Jimla biyu a rana ta isa, a kan abin da ya faru da gaske. "Jiya an ɗauke wuta muna cin tuwo. Yaya ya kunna fitilar waya." Wannan rubutu ne na gaskiya, mai shi ya ga abu, ya zaɓi kalmomi, ya jera su. Yaron da ya fara da Turanci alhali ba harshensa ba ne yakan daɗe ƙwarai kafin ya kai nan, kuma sau da yawa in ya kai, jimlolin da ya haddace daga littafi yake maimaitawa.

Wannan ba ra'ayi ba ne kawai. Wani bincike da aka buga a 2003, wanda ya kwatanta yara masu fara karatu a ƙasashen Turai fiye da goma, ya nuna cewa inda rubutu ke bin furuci, kamar Finlan da Italiya da Girka, yawancin yara na iya karanta kalmomi daidai kafin ƙarshen shekararsu ta farko, su kuwa masu Turanci, waɗanda ma harshen uwarsu ne, suna ɗaukar fiye da ninki biyu na wannan lokaci. A nan gida kuma, Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwajin da aka fara a Ife a 1970, inda aka koyar da yara dukan darussan firamare da Yarbanci tsawon shekara shida, Turanci kuwa aka riƙe shi a matsayin darasi. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, kuma sun yi kyau a sauran darussa. Amma a lura da sharaɗin: ba a yi watsi da Turancin ba, an koyar da shi da gaske kuma a tsare. Duk wanda zai kafa hujja da wannan gwaji ya ɗauki sharaɗin tare da shi.

Gwamnati kanta ta yi ta kai-kawo a kan batun. Tsarin ilimi na ƙasa tun 1977 ya ce a fara firamare da harshen uwa ko harshen yankin. A 2022 aka amince a faɗaɗa shi zuwa shekara shida, a ƙarshen 2025 kuma ministan ilimi ya sanar da komawa ga Turanci. Abin da wannan ke nufi ga mai koyarwa a gida shi ne, duk ranar da yaron zai shiga aji, Turanci zai tarar. Hausa mafari ce, dole a yi shirin tsallakawa.

To, mene ne wahalar hanyar Hausa? Ta farko kayan aiki. Littattafan koyon karatu da Hausa suna nan, an daɗe ana yin su. Tun makarantar da Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909 ake koyar da boko da Hausa, kuma Zariya da ke kusa da mu ita ce cibiyar ɗab'in Hausa tun zamanin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, har zuwa kamfanin NNPC mai buga littattafai. Sai dai ba kowane shago ke ajiye su ba, sai an nema, wani lokaci sai an yi saƙo. A intanet akwai African Storybook mai gajerun labaran yara kyauta, har da na Hausa. Duk da haka uwar da ta bi wannan hanya ta san cewa rabin darasin ita za ta tsara shi da hannunta da daddare.

Ta biyu ta fi wannan muhimmanci, kuma ba a cika faɗinta ba: Hausar da yawancinmu muke rubutawa a WhatsApp ba ita ce za a koya wa yaro ba. Wanda ya saba rubuta "xan" a maimakon "zan", ko "qasa" a maimakon "ƙasa", sai ya gyara hannunsa tukuna. Raba kalmomi shi ne inda manya ma ke tuntuɓe: "na san" kalma biyu ce, "yana" kalma ɗaya, "ba ni" dabam da "bani". Littattafan koyon Hausa na sakandare da yawa suna da babin ƙa'idojin rubutu, zaman maraice biyu ko uku ya isa mutum ya sabunta abin da ya manta. Kada a tsallake wannan, domin abin da yaro ya fara gani a allo shi ke zama masa daidai.

Ta uku baƙaƙe masu ƙugiya. Yara ko'ina a duniya suna rikita b da d a farkon koyo. Yaron Hausa huɗu yake fama da su: b, d, ɓ, ɗ. Maganin shi ne a nisanta su, a koyar da b a bar shi ya zauna sosai kafin a kawo d, masu ƙugiyar kuma su zo daga baya, bayan ya iya jin bambancin "bari" da "ɓari" da kunnensa. Akwai kuma cewa rubutun Hausa ba ya nuna tsawon wasali ko hawa da saukar murya, amma wannan ya fi shafar mai karatu, kuma yaron da Hausa ce harshensa jimlar kanta ke nuna masa abin da ake nufi.

Ta huɗu ba ta cikin littafi, bakin mutane ce. Gwaggo za ta zo ziyara ta ji ɗan maƙwabta yana rera baƙaƙen Turanci, naku kuwa yana "ba, be, bi", ta ce ana ɓata wa yaro lokaci. Idan maigida da uwargida ba su yi shawara sun tsaya a kan magana ɗaya ba tun farko, wannan surutu kaɗai ya isa ya rushe tsarin a wata na biyu, a koma Turanci a tsakiyar hanya, yaro ya tashi bai riƙe ko ɗaya ba. Gara a zaɓi Turanci tun farko a dage, da a fara Hausa a yar da ita rabi.

Batun tsarin yini kuwa, gidajenmu suna da abin da ya riga ya raba musu lokaci, wato salla da Islamiyya. Bayan asuba karatun Alƙur'ani, sai kari, sai a ɗan sarara. Rubutun boko ya fi kyau da hantsi, wajen ƙarfe 9, lokacin da yaro ya ƙoshi kuma barci bai fara fizgarsa ba. Ɗan shekara biyar ko shida minti 15 zuwa 20 ya ishe shi a zama ɗaya, in hannu ya gaji rubutu lalacewa yake yi. A tsarin Hausa, wannan zama ɗaya da ƙarin 'yar shifta ta minti biyar kafin azahar ya wadatar, sai a ƙara da hirar Turanci ta baki, waƙa ko labari, ba tare da an ce ya rubuta komai ba. A tsarin Turanci kuwa zama uku ake buƙata: na sautuka, na haddar kalmomi, na hira da karatu. Wanda ke da ƙananan yara uku da girki da sana'ar hannu ya auna wannan da gaskiya kafin ya zaɓa. Da hunturu, a Disamba da Janairu, yatsun yara kan sandare da safe, a jira rana ta ɗaga a fita tsakar gida. A Maris da Afrilu kuma a gama komai kafin zafi ya sauko.

Yaron da ke zuwa makarantar allo ko Islamiyya yana da wata riba a hanyar Hausa. Ya riga ya san tsarin babbaƙu da farfaru, a fara da baƙi zalla sannan a sa masa wasali, kuma haɗa "b" da "a" a samu "ba" dabara ɗaya ce da wadda malam ya koya masa. Abin kiyayewa kawai shi ne alƙibla: can daga dama ake farawa, nan daga hagu. Kada a haɗa rubutun biyu a zama ɗaya, kuma a makonnin farko a riƙa sa ɗan ɗigo a gefen hagu na shafi don ya san inda zai ɗora fensir. Kayan aiki ba su da yawa ko da wace hanya aka bi: ƙaramin allo da alli don gwaji, fensir, da littafin nan mai layi ja da shuɗi idan hannu ya fara nuna.

Yaushe za a tsallaka zuwa rubutun Turanci? Ba shekaru ake dubawa ba, aiki ake dubawa. Ran da yaro ya iya rubuta jimla biyar nasa na kansa da Hausa ba tare da taimako ba, ya kuma karanta su washegari ya gane abin da ya rubuta, ya isa. A lokacin ya riga ya mallaki hannu, ya san abin da aya da waƙafi ke yi, ya san yawancin baƙaƙe da sautinsu. Abin da ya rage kaɗan ne amma yana son kulawa: baƙaƙen da bai saba da su ba, wato p, q, v, x, bambancin p da f, wanda bakin Bahaushe ke haɗewa, "c" da ba ta yin sautin da take yi a "ci" da "cokali", sai wasulan Turanci masu sauya murya daga kalma zuwa kalma. A gaya masa a fili cewa wannan harshe yana da kalmomin da ba sa bin ƙa'ida. Yaron da ya san yadda ƙa'ida take ya fi saurin gane inda aka saɓa mata. Amma duk wannan ya dogara ne da hirar Turancin nan ta baki da aka riƙa yi tun ranar farko. Idan an yi sakaci da ita, tsallakawar za ta yi wuya, kuma laifin ba na Hausa ba ne.

Idan za a mayar da yaro makaranta nan da zango ɗaya ko biyu, a bi Turanci, babu lokacin hawa biyu. Idan uwa ce za ta koyar kuma Turancinta bai nuna ba, ta riƙe Hausa da ƙarfinta, a nemo malamin lesin ko wani yaya da ya gama sakandare ya riƙe hirar Turanci da yamma. Idan yaron ya kai shekara tara ko goma, jarrabawar shiga sakandare na gabansa, Turanci ne zai ci mafi yawan yini, amma in har bai iya haɗa baƙi ba, makonni kaɗan na Hausa za su buɗe masa abin da shekaru na kwafe ba su buɗe ba. Masu niyyar riƙe yara a gida shekaru da yawa kuma su sani dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa iyaye alhakin ganin yaro ya kammala firamare da ƙaramar sakandare, don haka tun da wuri a san makarantar da za ta yi masa rajistar jarrabawa.

Ga wanda ɗansa ke makaranta yanzu kuma yake shakkar inda yake, akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. A karɓe littattafansa, a ba shi farar takarda, a yi masa shiftar jimla uku da Hausa, uku da Turanci, waɗanda bai taɓa gani ba. In ya rubuta Hausar ana iya karantawa, ko da kurakurai, Turancin ne ya gagara, to ya san haɗa baƙi, abin da ya rasa shi ne harshen, sai a ƙara masa hira da karatu. In ya rubuta Turancin daidai ya yi tuntuɓe a Hausar, ƙa'idojin rubutun Hausa kawai za a nuna masa. In kuwa ya riƙe fensir yana kallon fuskarku a duka biyun, a koma kan wasula biyar gobe da hantsi, ko a aji nawa yake.